Bishiyar Wilo Mai Sunkuyayyun Rassa: Sauƙin Dasawa da Hatsarin Kuskuren Wuri

Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon hotunan lambunan ƙasar Sin ko na Ingila, da wuya a ce bai taɓa ganin wata bishiya a bakin tafki ba, wadda siraran rassanta suke zubowa ƙasa kamar gashin da aka tsefe, har su taɓa ruwa. Wannan ita ce wilo, wadda Larabawa suke kira safsaf, masana ilimin tsirrai kuma suke kira Salix babylonica. Turawa suna yi mata laƙabi da "mai kuka" saboda yadda rassanta suke zuba kamar hawaye, amma kada mai karatu ya ɗauka tana da dangantaka da kukarmu ta miya. A wannan darasi za mu duba yadda ake dasa ta da yadda ake renon ta, sannan mu ga yadda halin da ya sa dasa ta yake da sauƙi, shi ne kuma yake jawo wa mai lambu asara idan ya kuskure wurin da ya dace.

Asali da Yaɗuwa

Asalin wannan bishiya arewacin ƙasar Sin ne, daga nan fatake suka yaɗa ta zuwa yamma. A shekarar 1753 masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa mata sunan da yake nuni da Babila, domin ya zaci ita ce bishiyar da littafin Zabura ya ambata a bakin kogunan Babila. Masana na baya sun fi karkata ga cewa waccan wata bishiya ce dabam, mai suna Populus euphratica, amma sunan ya riga ya zauna. Wajen shekarar 1730 aka kai ta Ingila daga birnin Halab na ƙasar Sham. Bayan rasuwar Napoleon a tsibirin Sent Helena a 1821, masu ziyartar kabarinsa suka riƙa yankar rassan wilon da ke wurin suna tafiya da su ƙasashensu suna dasawa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, da reshe bishiyar ta zagaya duniya. Akwai dalilai biyu. Na farko, furen namiji da na mace a kan bishiyoyi dabam-dabam suke fitowa, don haka bishiya guda ba ta yin iri ita kaɗai. Na biyu, ƙwayar irin wilo ƙarama ce ƙwarai, kuma takan mutu cikin ɗan lokaci kaɗan idan ba ta faɗa kan ƙasa mai laima ba.

Me Ya Sa Reshe Yake Yin Saiwa?

Manomin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga dashen reshe, domin haka yake yi wa rogo da rake da cediya da dashi. Abin da ya bambanta wilo shi ne, a ƙarƙashin ɓawon reshenta akwai ƙananan tushen saiwa da suka riga suka samu tun reshen yana jikin uwa, suna jiran laima kawai. Da zarar an sa reshen cikin ruwa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai su farka, fararen saiwoyi su ɓullo cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Akwai kuma wani sinadari a jikin tsirrai da ake kira oksin, wanda yake tafiya daga kan reshe zuwa gindinsa. Idan aka yanke reshe, oksin yakan taru a gindin, shi ne yake tunzura fitar saiwa. A shekarar 1878 wani masani Bajamushe, Hermann Vöchting, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na rataye rassan wilo a wuri mai laima, wasu a miƙe, wasu a kife. Ya ga cewa ko an kife reshe, saiwa ta fi fitowa daga ainihin gindinsa, toho kuma daga ainihin kansa. Saboda haka wajibi ne mai dashe ya san kan reshensa da gindinsa.

Yadda Ake Dasawa

A ƙasashen arewacin duniya masu sanyi, ana yankar reshen dashe ne tsakanin watan Nuwamba da Maris, lokacin da bishiyar ta zubar da ganye tana hutawa. Ga matakan da ake bi:

1. A zaɓi lafiyayyen reshe na bana, mai kaurin fensir, a yanki tsawon santimita 25 zuwa 30.
2. A yanke gindin a karkace, kan kuma a miƙe, domin kada a rikita su.
3. A soka kashi biyu cikin uku na reshen a ƙasa mai laima, a bar ido biyu ko uku a waje, a danne ƙasar da ƙafa.
4. Idan dashen da ya riga ya yi saiwa ne, a haƙa rami mai faɗin da ya ninka na saiwar sau biyu, amma kada a binne shi fiye da zurfin da yake a da.
5. A riƙa ban ruwa sosai a shekarar farko, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindi ba tare da ta taɓa ɓawon ba.

Bishiyar tana son rana sosai. Tun tana ƙarama ake ɗaure mata reshe guda mai ƙarfi a jikin sanda domin ya zama gangar jiki, a sassabe na ƙasa, in ba haka ba sai ta bazu a ƙasa kamar kurmi. Takan ƙara tsawon mita ɗaya ko fiye a shekara, har ta kai mita 10 zuwa 15, faɗin inuwarta ma kusan haka. Sai dai saurin girma yana da farashi: itacenta ba shi da ƙwari, iska tana karya rassanta, cututtuka dangin fumfuna suna kama ganyenta, kuma ba ta cika wuce shekara hamsin zuwa saba'in ba.

Ƙishirwar Wilo

Masana sun daɗe da lura da alaƙar dangin wilo da ruwa. A wani gwaji da aka wallafa a 1648, Jan Baptist van Helmont ya dasa wilo mai nauyin kusan kilo 2.3 a cikin busasshiyar ƙasa mai nauyin kusan kilo 90, ya shekara biyar ba ya ba ta komai sai ruwa. Bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa giram 57 kacal ta ragu. Ya yanke hukunci cewa daga ruwa kaɗai ƙarin ya fito. A yau mun san bai cika daidai ba, domin babban kaso na busasshen itace daga iskar kabon dayoksaid yake samuwa, wadda ganye yake sarrafawa da hasken rana. Mafi yawan ruwan da saiwa ta zuƙo kuwa ficewa yake yi ta ƙananan ƙofofin ganye a matsayin tururi.

Domin biyan wannan buƙata, saiwoyin wilo ba sa nitsewa da zurfi, sai dai su bazu nesa, su yawaita duk inda suka sami laima. Idan bututun ƙazantar gida yana da ɗan tsagu, siririyar saiwa takan shiga ta yi kauri har ta toshe shi. Idan kuma gida yana kan ƙasa mai laka, bishiyar takan tsotse ruwan lakar da rani, lakar ta tsuke, harsashin gini ya sauka, bango ya tsage. An ga irin wannan ɓarna da yawa a Ingila bayan farin 1976. A binciken masanan lambun tsirrai na Kew da ke Landan, wanda aka wallafa a 1981, an sami saiwar wilo da hannu a lalacewar ginin da yake nesa da ita har mita 40. Wannan ya sa masu lambu suke ba da shawarar a bar aƙalla mita 15 tsakaninta da gini ko bututu ko ramin masai, a ƙara nisan idan ƙasar laka ce. Ƙaramin tsakar gida ba wurinta ba ne.

Sauƙin kamawar ma yana iya zama matsala. A Afirka ta Kudu, rassan da ambaliya ta karya sukan bi ruwa su kafu a gaba, har bishiyar ta mamaye gaɓar koguna da dama, ta danne tsirran asali.

Darasi Gare Mu

Wannan bishiya ta saba da hutun sanyi da ƙasa mai laima duk shekara, don haka doguwar rani ta ƙasar Hausa ba ta dace da ita ba, ko da yake tana da 'yar'uwa a bakin wasu kogunanmu, wadda ake kira rimni. Amma darasin namu ne. Cediya da durumi ma suna kamawa da reshe, kuma saiwoyinsu suna ɗaga daɓe, su tsaga bango da rijiya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a soka reshe a harabar makaranta, a fara auna inda inuwarsa da saiwarsa za su kai nan da shekara ashirin.

Aikin Gwaji

A yanko rassan cediya guda goma masu tsawo ɗaya, a yi wa kan kowanne alama. A dasa biyar a miƙe, biyar a kife, a cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Bayan mako huɗu zuwa shida a tone su, a rubuta inda saiwa da toho suka fito.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa ake yaɗa wilo da reshe maimakon iri.
2. Ina kuskuren van Helmont yake?
3. Bayyana yadda bishiya take tsaga bango ba tare da saiwarta ta taɓa shi ba.