Darasi na 14: Zaman ɗakin haya

Yara, wata rana da yawa daga cikinku za su bar Tanda domin ƙarin karatu. Wasu za su tafi Gaya, wasu Doso, wasu har Yamai. Mai dangi a birni zai sauka gidan danginsa. Wanda ba shi da kowa kuwa, sai ya haɗa kai da abokai su kama ɗakin haya. A can babu uwar da za ta tashe ka da asuba, babu ƙanwar da za ta share maka ɗaki. Ku saurari abin da ya same mu.

Shekarar da na shiga lise a Gaya, mu huɗu muka kama ɗaki guda. Kowa muna kiran sa da sunan garinsu: ni Ɗan Tanda, sai Ɗan Tunuga, da Ɗan Yelu, da Ɗan Bengu. Gaya garin iyaka ne. Malanbil ta ƙasar Benin tana ƙetaren kogi, Kamba ta Najeriya tana gabas. A lokacin manyan motoci suna ta ƙetaro gada da kaya daga Kwatano. Baƙi sun yi yawa, ɗaki ya yi tsada. Namu jika 6 ne a wata, wato rabon kowa 1.500 F.

Ni na zo da buhun shinkafa daga gonarmu. Ɗan Tunuga ya zo da bandar kifi. Ɗan Yelu ɗan mai kanti ne, yana da kuɗi, shi muka ba ajiyar kuɗin haya. Ɗan Bengu maraya ne. 500 F kawai yake iya badawa, mu uku mu cika sauran.

A watan Oktoba zama ya yi daɗi. Ba mu tsara komi ba. Muka ce ai duk ƴan'uwa ne. Amma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Da Nuwamba ta kama, abubuwa suka fara lalacewa. Tukunya takan kwana biyu ba a wanke ba. Abokan Ɗan Yelu sukan zo daidai lokacin cin abinci. Shinkafar da muka yi zaton za ta kai mu hutun Disamba ta kusa ƙarewa. Ɗan Bengu yana jin kunyar ƙarancin kuɗinsa, sai ya ɗauki dukan aiki. Shi ne ɗiban ruwa a rijiya, shi ne girki, shi ne shara. Ya fara makara, ya fara gyangyaɗi a aji. Mun gani, ba mu ce komi ba, don abin ya yi mana daɗi.

Ran nan da maraice mai gida ya yi sallama. Ya ce wata biyu ke nan bai ga kuɗinsa ba, in ba a biya ba mu fitar da kayanmu. Muka dubi Ɗan Yelu. Ashe ya sayi takalmi da kuɗin, da nufin zai mayar in babansa ya aiko. Gardama ta tashi. Da Ɗan Bengu ya buɗe baki, sai Ɗan Yelu ya ce:

— Kai yi mana shiru! Me ka kawo gidan nan?

Ɗan Bengu bai amsa ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaure littattafansa. Ya ce gobe zai koma gida, ya bar karatu.

Mai gida dattijo ne. Ya ji komi daga tsakar gida. Ya kira mu, muka durƙusa gabansa.

— Ƴaƴana, ranar da kuka shigo ɗakin nan, me kuka shirya tsakaninku?

— Ba mu shirya komi ba, Baba.

— To, ga ciwonku nan. Jarka nawa yaron nan yake ɗebo muku kullum?

— Huɗu, Baba.

— Nawa ga-ruwa yake sayar da jarka?

— Dala biyar.

— Ku ƴan makaranta ne. Ku yi lissafin wata guda.

Muka yi. Jarka 4 sau 25 F, 100 F ke nan a yini. A kwana 30, jika 3. Rabon haya kuwa 1.500 F ne. Ashe wanda aka ce bai kawo komi ba, ruwansa kaɗai ya ninka rabonsa na haya, ban da girki da shara. Ɗan Yelu ya sunkuyar da kai, ya roƙi gafara. Mai gida ya ba mu mako biyu mu biya. Ɗan Yelu ya tafi gida ya faɗa wa babansa gaskiya, ya dawo da kuɗin.

A daren nan muka yage takarda daga kaye, muka rubuta dokoki, kowa ya sa hannu, muka manna a bango.

Dokokin ɗakinmu

1. Ana biyan haya ran 5 ga wata. Mutum biyu ke kai kuɗin, a rubuta a kaye.
2. Aiki ma kuɗi ne. Ɗan Bengu zai ɗebo ruwa, mu uku mu biya jika 2 kowane.
3. Girki, wanke-wanke da shara bi da bi ne. Wanda ya tsallake ranarsa zai yi kwana biyu.
4. Ana auna abinci: rabin tiya na shinkafa a yini.
5. Baƙo yana da haƙƙi, amma baƙon kwana sai an shaida wa kowa.
6. Daga sallar isha'i zuwa ƙarfe 10 lokacin karatu ne. Ba rediyo, ba waya.
7. Ba a ɗaukar sabulu, ko bik, ko takalmin wani sai da izni.
8. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. In ɗaya ya kamu da zazzaɓi, ɗaya ya raka shi likita, ɗaya ya sanar da iyayensa.
9. Kowace Lahadi da maraice za mu zauna. Mai ƙorafi ya faɗa a gaban kowa.

Doka ta 8 ta yi mana amfani ƙwarai. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ga kogi kusa, sauro ba ya ƙaranci. Da zazzaɓi ya kwantar da Ɗan Yelu, Ɗan Bengu ne ya raka shi likita.

Ɗan Bengu Bafillace ne, Ɗan Yelu Ba'are, wato taubasai ne. A zaman Lahadi sukan faɗa wa juna gaskiya cikin wasa, kowa ya yi dariya, laifi ya gyaru. Wannan al'ada ta ƙasarmu, hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma ku lura: wasa yana sauƙaƙa magana, ba ya biyan haya.

Ɗan Bengu bai koma gida ba. Mu huɗu muka zauna ɗakin nan har muka gama lise. In lokacinku ya zo, ku rubuta dokokinku tun ranar farko, tun ana dariya.

Kalmomi

Jika: 1.000 F. Dala: 5 F.
Ga-ruwa: mai sayar da ruwa gida gida.
Bi da bi: wannan ya yi yau, wancan ya yi gobe.
Taubasai: mutanen da al'ada ta yarje musu wasa da juna.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗaki ya yi tsada a Gaya a lokacin?
2. Don me Ɗan Bengu ya ɗauki dukan aiki?
3. Ɗan Tanda da Ɗan Tunuga suna da laifi? Wane ne?
4. Wace doka ce ta fi muhimmanci a ganinku? Ku faɗi dalili.

Lissafi

Ɗalibai 5 sun kama ɗaki jika 7 da rabi a wata. Nawa ne rabon kowa? Dala nawa ke nan?

Aiki

Ku rabu huɗu huɗu. Kowane rukuni ya rubuta dokoki biyar na zaman ɗaki guda, da jadawalin aiki na mako. Ku juya biyu daga cikin dokokin zuwa Faransanci.