Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Gudu

Tambaya: An yi mini tayin BMW ta hannu a Kalgo. Yaya zan gane lafiyarta? Daga mai karatu a Gwandu.

Amsa: Malam, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Je da sassafe kai da bakanikenka, a tayar da ita injin na sanyi. In salansa ta fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai. Buɗe murfin man: kumfa mai kama da madara na nufin ruwa ya shiga injin. Lambar mita kuwa ana mayar da ita baya, gara ka duba sulɓin sitiyari da fedar birki. Ku hau titin Birnin Kebbi ka saurari shigar giya. In mai ita ya hana gwaji, bar masa abarsa.