Me Ke Sa Fim Ya Sa Mutum Hawaye?

Wata mai sauraronmu daga Jakara, cikin birnin Kano, tana tambaya: me ke sa wani wuri a fim ya ratsa zuciya har hawaye su zubo?

To Malama, sai an fara sa ki ƙaunaci mutum kafin a jefa shi cikin wahala. Dubi Sangaya, fim ɗin Ali Nuhu da Fati Muhammad: 'yar aiki a gidan sarauta, ana wulaƙanta ta, ba ta da bakin ramawa. A irin wannan wuri, idan kyamara ta matso kusa da fuska, kiɗa ya lafa, yarinya ta sunkuyar da kai, shirun ya fi kururuwa ciwo. Kunya da kawaici ne, kuma mun san su tun daga gidajenmu.