Kafin Ka Sayi Almakashin Aski: Abin Yi da Abin Bari

Ɗana, kai da ka gama koyon aski kana shirin buɗe shagonka, saurara. Na san kilifa ce ke cin mafi yawan aikinka, shi ya sa yaran yanzu ke zuba kuɗi a kanta, su sayi almakashi da canjin da ya rage. Wannan ganganci ne. Almakashi ne ke zuwa dab da kunne da leɓe da fatar ido. Marar kyau yana tauna gashi, yana yankar mutane, yana kuma kashe maka hannu tun kana da sauran ƙuruciya.

ABIN DA ZA KA YI

1. Je kasuwa da ƙafarka, ka riƙe shi da hannunka. Almakashin aike ba ya zama a hannu.

2. Auna tsawonsa. Inci 5 zuwa 5 da rabi don gyaran gemu da gashin baki da saje, inci 6 da rabi zuwa 7 don aski a kan mataji. Dogo a kusa da leɓe hatsari ne, gajere a tsakiyar kai ɓata lokaci ne.

3. Tambayi irin ƙarfen. Nemi 440C ko VG-10, masu taurin da ya kai wajen 58 zuwa 60 a ma'aunin Rockwell. Ƙarfe mai taushi yana dakushewa tun ba ka mayar da kuɗinka ba.

4. San inda aka ƙera shi. Garin Seki na Japan da Solingen na Jamus sun daɗe da suna a ƙirar abin yanka. Sialkot ta Pakistan ma tana fitar da almakashi birjik, akwai nagari akwai na banza, sai ka tantance.

5. Fara da mai baki irin na Jamus, wanda aka wasa gefensa da kusurwa. Ya fi jure gashinmu mai kauri da tauri, kuma gyaransa ya fi sauƙi. Mai baki irin na Japan ya fi sulɓi da kaifi, amma kuskure ɗaya ke lalata shi. Bar shi sai hannunka ya nuna.

6. Gwada kaifinsa a gaban mai kaya. Jiƙa tishu, ka yanka tun daga gindi har tsini. In ya ja shi ko ya lanƙwasa shi, haka zai yi wa gashin mutum.

7. Gwada ɗaurin notinsa. Ɗaga tsinin sama, ka buɗe ɓari ɗaya sosai, ka sake shi. In ya rufe ruf, ya yi sako-sako, zai riƙa naɗe gashi. In ya ƙi motsi, ya yi tsauri, zai ci bakinsa ya ci babban yatsanka. Nagari yakan tsaya a hanya.

8. Zaɓi wanda zoben babban yatsa ya fi ɗayan gajarta, mai ɗan ƙugiyar ɗora ƙaramin yatsa. Ciwon wuyan hannu ya raba masu aski da sana'arsu.

9. In kai bahago ne, nemi na bahago. Na dama a hannun hagu ture gashi yake yi.

10. Sayi ƙarami mai dunƙulallen baki don gashin hanci da kunne. Tsini ba ya shiga hanci.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka yarda da sunan Japan ko Jamus da aka buga a jikinsa. Buga suna ba wuya, in farashin bai kai ba jabu ne.

2. Kada launin zinariya ko ƙyalli ya ɗauke maka hankali. Fenti ba ya aski.

3. Kada ka yi aski da almakashin tela. An yi shi don yadi, gashi zame masa yake yi.

4. Kada ka yanka takarda ko leda ko zare ko gashin kanti da shi. Su ne ke cinye baki.

5. Kada ka yi gaggawar sayen mai haƙora na rage cikar gashi. A gashi mai murɗiya tsaitsaye yake bari, kuma abin da ka cire ba ya mannuwa.

6. Kada ka miƙa shi ga mai wasa wuƙa na bakin hanya. Dutsensa zai cinye cikin bakin, ɓarin biyu su daina haɗuwa har abada.

7. Kada ka jefa shi aljihu ko durowa tare da kilifa. In kuma ya faɗi ƙasa ka ji yana sarƙewa, kada ka matse shi da ƙarfi, tsaguwar da bakinsa ya yi za ta ƙaru.

8. Kada ka bar shi jiƙe cikin ruwan Jik. Tsatsa zai yi. Goge gashin, wanke, sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, busar da shi, ka ɗiga man keken ɗinki a noti.

9. Kada ka ɗauke shi daga kan wani ka ɗora a kan wani ba tsaftacewa. Ta haka makero ke bin kawunan yaran unguwa.

10. Kada ka ci gaba da aiki da almakashin da ya taɓa jini, ko da ɗigo ne. A nan na fi ja maka kunne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma mai ɗauke da ita sau da yawa lafiya ƙalau za ka gan shi. Goge shi da tawul ba tsafta ba ce. Ajiye shi gefe, ɗauko na biyu, shi ya sa dole ka mallaki biyu. Kai ma je asibiti a gwada ka, a yi maka rigakafin, domin yatsunka ne suka fi kowa kusa da bakin nan.

In kuɗinka bai kai na ƙwarai ba, ɗana, yi haƙuri ka ƙara tarawa. Kada ka buɗe shago da na jabu.