Bahago da Agogon Ƙirga Taku

Wata mai sauraro daga Zariya ta aiko da tambaya: ita bahaguwa ce, kuma agogonta na ƙirga taku yakan nuna ta yi tafiya alhali tana tsaye a madafa. Ko agogon bai san da zaman bahago ba ne?

To, agogon ba ƙafa yake kallo ba, lilon hannu yake ji. Akwai wata 'yar na'ura a cikinsa mai auna motsi, ita ke fassara kaɗawar hannu zuwa taku. Galibin mutane a hagu suke ɗaura agogo, hannun da bai cika aiki ba. Ita kuwa bahaguwa da hagun take tuƙa tuwo, da shi take goge haƙora, sai agogon ya yi ta ƙirga juyin muciya a matsayin tafiya.

Maganin ba wuya. Manhajar agogon Fitbit, alal misali, tana tambayar ko a hannun aiki aka ɗaura agogon. In aka amsa e, sai ya rage saurin ƙirge. Ko kuma bahaguwar ta mayar da agogon hannun dama.

Akasin haka ma na faruwa: mai tura baro, da yake hannuwansa a kafe suke, agogon yakan tauye masa taku.