INA RUWAN KWATA YAKE TAFIYA?

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan wani abu da kullum muke tsallakewa amma ba mu cika tunani a kansa ba, watau kwata da lambatun da ke cikin garuruwanmu. Zan ɗauki birnin Kano misali, domin shi na fi sani, amma abin da zan faɗa ya shafi kowane babban gari.

Da farko ya kamata mu san yawan ruwan da ake magana a kansa. A darasin labarin ƙasa mun koyi cewa idan aka yi ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, to, lita 1 ke nan ta sauka. Saboda haka gidan da rufinsa ya kai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, indararonsa zai zubo da lita 3,000, watau duro 15 na mai cin lita 200. Wannan gida ɗaya ke nan. To, ku lissafa gidajen Kano duka, musamman a watan Agusta lokacin da damina ta fi ƙarfi.

A ƙauye ƙasa ce ke shanye yawancin wannan ruwa. A birni kuwa kwalta da siminti da kwanon rufi sun rufe ƙasar, dole ruwan ya nemi hanya. Kakanninmu suna da dabara a kan haka. Ramukan da suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, su ne suka zama kududdufai, inda ruwa ke taruwa ya nutse a hankali. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai. Ruwan da a da yake da masauki, yau sai ya shiga ɗakunan mutane.

Ga yadda tafiyar ruwan take. Daga indararo ya sauka tsakar gida, ya fita ta rariya, ya shiga kwatar ƙofar gida. Daga nan ya faɗa babban lambatu, ya bi ta ƙarƙashin kwalbati, har ya isa rafi. Ruwan yawancin unguwannin cikin birni da Fagge da Sabon Gari rafin Jakara yake shiga. Can gaba Jakara ta haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko ruwa daga wajen masana'antun Bompai, su tafi tare har madatsar ruwa ta Wasai a yankin Minjibir. Ta kudu kuma, ruwan Sharaɗa da Challawa kogin Challawa yake gangarawa.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: a duk tsawon wannan tafiya babu inda ake tace ruwan. Ruwan famfo ana tace shi a sa masa magani kafin ya iso gare mu, amma ruwan kwata yadda ya shiga haka yake fita, tare da duk abin da ya kwaso. Baƙin man da makanike ya tuttular, da jini da ƙazantar mayanka, da ruwan rini, da sinadarin kuromiyam da kamfanonin jima ke amfani da shi, da bayan gidan da wasu ke juyewa a lambatu da dare, duk rafi suke nufa. A bakin waɗannan rafuka kuwa akwai masu lambu da ke ban ruwa da rani, suna noma latas da kabeji da alayyafo da karas. Daga can a ɗoro kayan zuwa kasuwa, mu saya. Ashe ke nan abin da mutum ya zuba a kwata da safe yana iya dawo masa cikin kwanon abincinsa. Daman Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Illa ta biyu ita ce toshewa. Yashi da ɓawon rake da totuwar masara sun daɗe suna cika kwata, amma babu kamar leda, musamman ta fiya wata, domin ba ta ruɓewa. Wata mummunar al'ada kuma ita ce, da zarar hadari ya haɗo sai a aiki yara su juye kwandon shara a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina. Kwalbatin farko za ta maƙale, ruwa ya dawo baya, ya ci gindin katangar maƙwabci. Manya suna tuna watan Agusta na 1988, lokacin da ruwan sama ya rusa gidaje masu yawa a Kano, har madatsar Bagauda ta ɓalle. Ba mu da ikon hana ruwa sauka, amma muna da ikon buɗe masa hanya.

Illa ta uku cuta ce. Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, kuma a lokacin zafi cikin kamar kwana 10 ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi. Haka kuma idan ambaliya ta haɗa ruwan lambatu da na rijiya, ko ya shiga fasasshen bututun famfo, sai a ji kwalara da taifod sun ɓulla a unguwa.

To, mene ne magani? Na farko, a raba shara da ruwa. Kowane gida ya tanadi mazubi mai murfi, a kai juji inda motar hukumar kwashe shara ta REMASAB za ta iya ɗauka. Na biyu, a yashe kwata tun watan Afrilu kafin ruwan farko, ba sai ta cika ba. Kuma idan an yashe a kwashe dagwalon nan take, domin in aka tara shi a bakin kwata, ruwa ɗaya zai mai da shi inda ya fito. Na uku, a sa ɗan raga a bakin rariya don ya tare leda da ragowar abinci. Na huɗu, makanikai su tara baƙin mai a jarka, masana'antu kuma su tace ruwansu kafin su sake shi, kamar yadda dokokin kare muhalli suka tanada. Na biyar, kada a kafa shago ko a ja katanga a kan hanyar ruwa, kuma mai zuba yashin gini kada ya jibge shi a bakin lambatu. Wanda ke da fili a gida ya bar wani ɓangare ba siminti, ya dasa bishiya, ya tari ruwan indararo a duro don wanki.

Hukuma ma tana da nata aikin: gina manyan lambatu, kwashe juji a kan kari, da ƙarfafa wa ma'aikatan duba-gari. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali tun mulkin soja na tsakiyar shekarun 1980, abu ne mai kyau, amma kwana ɗaya ba zai gyara ɓarnar kwana 29 ba.

Mu ɗalibai, a nan makaranta duk Asabar muna share ɗakunan kwana da magudanan bayan ɗakin girki kafin a zo dubawa. Ina roƙon mu tafi da wannan hali gida lokacin hutu, mu haɗa kan samarin layinmu da shebur da baro. Iyayenmu kuma muna roƙonku ku daina aiken ƙannenmu zubar da shara a lambatu, domin abin da babba ya sa yaro, shi zai tashi da shi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.