Yadda Ake Fahimtar Ma'aunin Gurɓacewar Iska

Ma'aikatan lafiya da ke duba masu ciwon ƙirji a Arewa sun san cewa da zarar hunturu ya kama, layin masu asma da tari yakan ƙara tsawo, amma kaɗan ne daga cikin majinyatan ke danganta halin da suke ciki da iskar da suke shaƙa, saboda an saba ɗaukar hazo a matsayin baƙon da ke zuwa duk shekara ya wuce. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, sannan ya iso garuruwa ya gauraya da hayaƙin janareta da na A Daidaita Sahu da na bolar da ake ƙonawa a bakin titi.

Abin da masana suka fi sa wa ido shi ne PM2.5, wato ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba, alhali silin gashin mutum yakan kai kusan maikiromita 70. Ƙurar da ke taruwa a gira da hanci, wadda ake fyacewa, ba ita ce mafi haɗari ba, domin hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Wannan siririn ɓurɓushi kuwa yana kutsawa har can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, shi ya sa illarsa ba ta tsaya ga tari ba, ta haɗa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da ta gindaya, daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, kuma kada ya wuce 15 a matsakaicin yini guda.

Manhajojin waya da ke nuna ingancin iska galibi suna amfani ne da ma'aunin Amurka mai launuka, inda 0 zuwa 50 kore ne, 101 zuwa 150 ruwan lemo ne da ke gargaɗin yara da tsofaffi da masu asma, 151 zuwa 200 kuwa ja ne da ya shafi kowa. A irin wannan rana takunkumin N95 ne ke tace ɓurɓushin, rawani ko mayafin da aka ja a hanci ba ya tare shi sosai.

Sai dai lambar da ke waya iskar waje take nunawa, ba ta san abin da ke faruwa a madafi ba, inda mace ke durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace, idanunta na hawaye, goyonta kuma yana shaƙar abin da take shaƙa. Saboda haka ya kamata ma'aikacin da aka kawo wa yaro mai yawan ciwon huhu ya tambayi uwar da me take girki, a ina murhun yake, kuma ko ɗakin yana da taga.